Tsanin Baba

Ni dai tun ina yaro ban iya ganin babba da kaya a hannu in ƙyale shi ba. Haka aka raine mu a Kano. Ka ga dattijo da leda, ko lemo biyu ne a ciki, ka karɓa. In ya ƙi ka nace, in ya sake ƙi ka ƙwace. Wannan tarbiyyar ce ta mayar da ni ɓarawon tsani a ƙasar Ingila, kuma har yau in na tuna a mota sai in kama dariya ni kaɗai, yara su riƙa kallona ta baya.

A lokacin ina karatu a Manchester, gwamnati ce ta turo ni, ina zaune a wani ɗaki wanda in na miƙe ƙafa a gado sai ta taɓa ƙofa. Karatun ana yi, ba laifi, amma hankalina yana Birmingham. Akwai wata yarinya a Erdington, ma'aikaciyar jinya, iyayenta Hausawan Kumasi ne, ita kuwa a Ingila aka haife ta. A wajen wani suna muka haɗu, na ji tana yi wa wata tsohuwa tsiya da Hausa, tana juyawa tana yi wa ƙannenta faɗa da Turancin Birmingham, na ce shi ke nan, na mutu. Tun daga nan duk bayan mako biyu sai in hau coach, babbar motar safa, ranar Asabar in je gaisuwa gidansu.

Mahaifiyarta tana sona, wannan ba a ɓoye yake ba, don nama uku take sa min a miya. Matsalar Baba ce. Shekara da shekaru ya yi yana tuƙa bas a garin kafin ya ajiye aiki, kuma abin alfaharinsa guda ne: bai taɓa cin kwabon kowa ba, ɗan sanda bai taɓa rubuta sunansa ba. Wata takwas ina zuwa ina durƙusawa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya faɗa wa Mama, Mama ta faɗa wa yarinyar, yarinyar ta faɗa min, shi ne: "Ban ƙi yaron ba. Amma ɗan Najeriya ne, kuma ban san gidansu ba. Bari in ga hannunsa tukuna." Shekarun nan ne da wasiƙun damfara suka cika duniya, duk inda ka ce daga Najeriya kake sai ka ga an gyara zama. Abin yana ƙona min rai ba kaɗan ba, amma wa zan yi wa faɗa? Sai na riƙa hadiyewa ina ƙara rusunawa.

Wata Asabar, ina zama ke nan, ko ruwa ban sha ba, Baba ya leƙo falo da makullin mota.

"Malam, taso ka raka ni."

Malam yake ce min, kuma in ya faɗa sai ka ji kamar da wani baƙo yake. Na miƙe har ina tuntuɓe da kafet. Wata takwas, yau ne farkon ranar da ya nemi in yi masa wani abu.

Wani ƙaton kantin kayan gini da gyaran gida muka je, a bayan gari, wanda ya fi filin idin unguwarmu girma. Duk wanda ya taɓa shiga irin kantunan nan ya san wahalarsu. Ka nemi mai kanti ka rasa. In ka yi sa'a ka kama ma'aikaci ɗaya, sai ya nuna maka can ƙarshen duniya da yatsa ya ɓace. Baba ƙusa huɗu yake so, huɗu rak, don rataye sandar labule, amma sai an sayar masa da hamsin a cikin roba. Ya juya robar, ya sake juyawa, ya ce a Kumasi da tuni an ƙirgo masa huɗu an ƙara masa ɗaya. Muka ɗauki fenti, muka ɗauki buroshi. Muka shiga sashen lambu ya zaɓi ƙananan butocin ban ruwan fure guda biyu, waɗanda kowane gidan Musulmi a garin ya san ba fure ake ba wa ruwa da su ba. Wani ma'aikaci ya tsaya yana tambayarsa wace irin shuka yake da ita a gida, Baba ya ce masa, fuska a ɗaure, iri-iri.

Sai muka zo kan tsani. Na ƙarfe ne mara nauyi, mai hawa biyar, irin wanda ake buɗewa ya tsaya da ƙafafunsa. Baba ya buɗe shi, ya girgiza, ya taka hawa ɗaya, ya gyaɗa kai, ya naɗe ya saƙale a hammata.

Uban yarinyar da nake nema, da furfurarsa, riƙe da tsani, ni ina tura keken kaya kamar wani ɗan sarki?

"Baba, kawo in riƙe."

"Bar shi, ba nauyi."

"Haba Baba, ina tsaye?"

"Na ce bar shi."

Na kama ƙafar tsanin, ya ja, na ja. Wata tsohuwar Baturiya ta ja kekenta baya tana kallonmu. A ja na uku ya saki, na saɓa a kafaɗa ina jin kaina kamar na ci jarrabawa. Shi ya karɓi keken kaya muka nufi wajen biya.

Wajen biya takwas ne a jere, amma ɗaya kaɗai ke da mutum, kuma layin ya kai har sashen fenti, magina ne da buhunan siminti. A gefe ga wasu sababbin injuna huɗu da aka kawo ba da daɗewa ba, waɗanda kai za ka yi wa kanka ciniki. Ka nuna wa gilashi lambar da ke jikin kaya ya yi ƙara, ka ɗora kayan a kan wani faranti mai awo, wata murya ta mace tana gaya maka abin da za ka yi. Wata ma'aikaciya mai jan gashi da ke kula da su ta yafito mu da fara'a, ta ce nan ya fi sauri. Allah ya yafe mata.

Fenti ya wuce lafiya. Buroshi ya wuce. Buta ta farko ba ta da nauyin da farantin zai ji, sai muryar ta ce a ɗora kaya. Baba ya ce ya ɗora. Ta sake cewa a ɗora kaya. Ya ɗaga butar ya dangwarar da ƙarfi, ta yi shiru. Gumi ya fara karyo masa, ya cire hularsa, ya rasa inda zai ajiye, ya ɗora ta a kan farantin. Nan take muryar ta shelanta wa duk kantin cewa an ɗora baƙon kaya, wata jar fitila a saman injin ta fara walƙiya. Ya ɗauke hular da sauri. Muryar ta ce an cire kaya, a mayar. Ya mayar. Ta ce baƙon kaya.

"Wannan matar da ke ciki," in ji Baba da Hausa, "ba a yi mata tarbiyya ba."

Dariya ta taso min tun daga cibiya. Na cije leɓe har na ji gishiri. Kuma ga abin da kowa ya sani a wajenmu: ba ka tsayawa kana kallon surukinka ana wulaƙanta shi, ba ka kuma leƙa walat ɗinsa in ya buɗe. Don haka na yi abin da ɗan mutunci zai yi. Na sunkuyar da kai, na zagaya ta bayan injunan, na je can kusa da ƙofar fita inda aka jera tukwanen fure, na juya masa baya, na tsaya ina karanta farashin takin zamani kamar shi za a tambaye ni a jami'a. Tsani yana kafaɗata. Ta bayana ina jin muryar, ina jin takun mai jan gashi tana zuwa tana sa katinta tana komawa. Sau huɗu na ƙirga.

Da Baba ya gama ya fizge rasit, ya kwashi ledoji, ya wuce ni ko kallona bai yi ba, kansa ba hula don ya cusa ta a aljihu. Na bi shi, taku uku a baya, yadda ya dace. Mai gadin ƙofa, wani ƙaton mutum mai fara'a, har ya matsar min da wani allo don tsanin ya wuce, ya ce min, "Mind your head, boss." Na yi masa godiya.

A gida Baba ya huce. Ya hau tsanin yana ɗaura sandar labule, ni ina riƙe da ƙafafun, Mama tana ƙofar kicin tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Muka ci shinkafa da wake da yajin nan nasu baƙi mai kifi. Har tambayata ya yi yadda karatu yake. Na fito daga gidan ina ji kamar ba a ƙasa nake takawa ba.

Yarinyar ta rako ni tashar bas. Muna shan kwanar layinsu ta zaro wata takarda daga aljihun rigar sanyinta. Ita ce mai tara wa Baba rasit, tana liƙa su a jikin firij.

"Karanta," ta ce.

Na karanta. Fenti, buroshi, ƙusa, buta, buta.

"To?"

"Where's the ladder?"

Na sake karantawa daga ƙasa zuwa sama, ko zai fito. Ita kuwa tuni ta rungume sandar fitilar titi tana dariya, hawaye yana zuba.

"Kun sato tsani," ta ce da ƙyar. "Kai da Dad. Da rana tsaka. Mai gadi ya buɗe muku hanya."

Ni ban ga abin dariya ba. Ni na ɗauka ya biya, tunda ban kalla ba. Shi kuma matar cikin inji ta rikita shi har ya manta akwai tsani a duniya. Amma in maganar ta fito, wa ya ƙwace tsanin daga hannunsa da ƙarfi? Wa ya zagaya ta bayan injuna ya juya baya? Wa ya fita da shi? Mutumin da ya ce bari ya ga hannuna, ga hannuna ya gani.

Ta share hawaye ta ce in koma kawai in gaya musu a teburin ƙorafi, kuskure ne, ba komai. Na ce mata ita mai jan fasfon Ingila ce, tana iya faɗar haka. Ni da koren fasfo da bizar ɗalibi in je in ce wa Bature jiya na fita da kayansa ban biya ba? Ta ce to ko dai mene ne kar Dad ya ji, yana da hawan jini, kuma in ya san a kan kayan sata ya tsaya ya ɗaura labule, labulen ma sai ya sauke.

Ban koma Manchester ba. Na aika a gaya wa Baba na tafi, na je na kwana wajen wani abokina a Perry Barr. Kafin gari ya waye na samo dabara, kuma wallahi a lokacin na ɗauka ba a taɓa yin mai basira irina ba. Inji ba ya tambaya. Zan koma, in ɗauko wani tsani irin wancan sak, in biya a inji, in ajiye musu abinsu in fito. Sun sami kuɗinsu, Baba ya sami tsaninsa, ba wanda ya ji.

Ranar Lahadi da hantsi, ina tsaye ana buɗe kantin, saƙonta ya shigo wayata: Dad ya tafi Sparkhill sayen nama, hanya a buɗe take. Na shiga da bismilla. Na ɗauko tsani, na kai wa injin. Tsanin ya fi farantin awo girma, jar fitila ta kama, mai jan gashi ta zo da katinta. Ta dube ni, ta dubi tsanin, ta ce ashe na jiya ya yi daɗi. Na ce ƙwarai. Na biya, na karɓi rasit, na je wajen tukwanen furen nan na jingine shi a bayansu a hankali, na sa hannu a aljihu na fita ina kallon sama.

Na kai tsakiyar filin ajiye motoci ke nan sai na ji ana kira a bayana.

"Boss! Boss!"

Na ga kaina a jirgi, na ga mahaifiyata a filin jirgin Kano tana tambayata ina digirin. Na juya. Ga mai gadi yana tahowa da sassarfa, yana haki, yana murmushi, tsani a hannunsa. Ya ce na manta kayana. Na ce masa ai ba komai, ya bar shi. Murmushin ya ragu, ya tambaye ni ko ba na biya ba ne. Na ce na biya. Ya ce to nawa ne, ya ɗora min a kafaɗa, ya dafa ni, ya ce kowa yana mantuwa.

Na koma ciki da niyyar mayar da shi inda na ɗauko. Mai jan gashi ta tare ni, ta ce in ban so ne ga teburin mayar da kaya can, za a ba ni kuɗina yanzun nan. Na ce a'a, ina so, ina so sosai. Na sake fitowa. Raina ya ɓaci, na riƙa zagin injin da kantin da wanda ya ƙirƙiro tsani. Ƙasar da mutum zai yi sata a buɗe masa ƙofa, ya zo biya a bi shi da gudu. Na je bayan rumfar da ake tara kekunan kaya na tsaya ina tunanin yadda zan shiga coach da tsani.

A nan idona ya faɗa kan wata tsohuwar mota ruwan toka, da carbi a rataye a madubi. Na san motar. Kafin in gama sanin ta, ƙofar kantin ta buɗe, sai ga Baba. Jallabiya da rigar sanyi a sama, hannu ba komai sai rasit, yana sauri yana kallon sama. Bai yi taku ashirin ba mai gadi ya fito a guje da tsani.

Na ga komai. Na ga Baba ya daskare. Na ga yana girgiza hannu yana cewa a bar shi. Na ga mai gadi ya ɗora masa a kafaɗa ya dafa shi. Na toshe bakina da hannun riga, amma dariyar ta fi ƙarfina, ta fito ta hanci da wata irin ƙara. Baba ya waiwayo.

Muka tsaya muna kallon juna, kowa da tsaninsa.

"Malam," ya ce, "ba ka ce kana Manchester ba?"

"Baba, ai ni ma an ce min kun tafi Sparkhill."

Ya dubi tsanina, ya dubi nasa. Leɓensa ya fara rawa. Sai kawai ya fashe. Ya jingina da motar wani yana dariya har yana tari, ni kuma na durƙusa a kan kwalta na riƙe ciki. Ranar na san Baba yana da haƙorin Makka. Wata takwas ban taɓa ganin cikin bakinsa ba.

Da muka ɗan lafa ya ɗaga yatsu. Ɗaya a gida, ɗaya a kafaɗata, ɗaya a tasa. An biya biyu.

"Har yanzu," ya ce, "ɓarayi ne mu."

Muka sake faɗuwa. Mai gadi yana can bakin ƙofa yana kallonmu, hannu a ƙugu.

Na tambaye shi yaushe ya gane. Ya ce tun yana kan tsanin jiya lissafin bai zauna masa ba, bayan sallar asuba ya duba firij bai ga rasit ba, ya san akwai magana. Na ce to me ya hana shi zuwa tebur ya faɗa musu, shi da yake da takardun ƙasa, ba abin da za a yi masa? Ya daina dariya. Ya gyara hularsa.

"In na faɗa, kyamara za su duba. Wa za su gani da tsani a kafaɗa? Ni dattijo ne, na gama nawa. Kai karatu aka turo ka."

Ni na kwana ina tsoron kar ya ɗauke ni ɓarawo, ashe shi ya fito da safe, ya yi wa matarsa ƙarya, ya sake zuwa matar cikin inji ta ci masa mutunci, don kar a taɓa ni. Idona ya ciko, na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Tashi," ya ce. "Dabara ta ƙare. Mu je mu faɗi gaskiya."

Na miƙa hannu zan karɓi nasa tsanin.

"Kul," ya ce. "Wannan hannun ne ya jawo mana."

A teburin ƙorafi Baba ya yi bayani da Turancinsa na direban bas, a tsanake, tun daga hula har zuwa mai gadi. Ya ce laifinsa ne, shi ya tsaya a gaban inji. Manajan, wani siriri mai tabarau, ya sa aka maimaita masa sau biyu, yana zana tsani uku a takarda. Mai jan gashi ta zo ta ji, ta kifa kai a kan tebur kafaɗunta suna rawa. A ƙarshe manajan ya ce mu bar ɗaya ba tare da an mayar mana da kuɗi ba, magana ta mutu. Yana cike wata takarda ya nuna ni da biro ya tambayi Baba ni wane ne.

"My son," in ji Baba, ko kallona bai yi ba.

Muka fito da tsani ɗaya, mai gadi ya nemi ganin rasit, muka miƙa masa biyu.

Saura nama, don Mama tana jira kuma ba za a koma mata hannu biyu ba. Muka bi Stratford Road, tsanin ya ratso tsakanin kujerunmu har yana taɓa gilashin gaba, lokaci-lokaci ɗayanmu ya yi ƙyaƙyat ɗayan ya kama. A shagon nama aka auna, aka ƙulla leda, aka ɗora a kan kanta. Hannuna ya tafi da kansa. Baba ya cafke min wuyan hannu ya riƙe gam, ya biya da ɗaya hannun, ya jira aka ba shi canji da rasit, ya karanta rasit ɗin tun daga sama har ƙasa. Sannan ya sake ni.

"Yanzu ɗauka," ya ce. "In ka koma kuma ka kira Kano. Ka ce manya su turo."